Matashin Saƙa da Na Kai Faraku

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya kai ni, ya kuma maido ni ɗakina lafiya.

Tun da na dawo daga Dahome ban huta da tambaya ba. A bakin rijiya a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har ƙawayena da muka yi kolej tare a Yamai sun rubuto suna cewa, Hadiza, yaya ƙasar take? Da gaske ne doya suke ci safe da yamma? Kin ga jirgin ƙasa da idonki? Nakan amsa abin da ya sauƙaƙa in ja bakina. To yanzu na ga gara in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Amma in faɗa tun farko, ba kallon gari ya kai ni ba. Kayan wata na je mayarwa, kuma gafararta na je nema.

Waɗanda suka daɗe a unguwarmu nan Dogon Dutsi sun san Madam Sesil, matar Mushe Antuwan mai yi wa mutane allura a likita, wato asibitin garin. Mutanen Dahome ne, Kiristoci, zana ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Suna da ɗiya, Anyes, mai shekara takwas a lokacin, da jariri ana ce masa Andire. A wurinsu da sunan ɗan fari ake kiran uwa, abin da mu nan muke jin kunyar ko ambata, don haka duk unguwa Maman Anyes ake ce mata. Ta girme ni da kamar shekara goma. Da aka kawo ni amarya ban san kowa ba, ita ta fara leƙo ni, da ta ji ina jin Faransanci kuwa sai ta riƙe ni kamar ƙanwa. Ita ta koya mini saƙar allura da suke kira dantel.

Ana yin ta ne a kan matashi, amma ba na kwana ba. Dunƙulalle ne kamar ƙaramar ganga, an cusa masa garin katako har ya yi tauri, an rufe shi da shuɗin yadi. Za a zana fure a takarda, a ɗora takardar kan ƙyalle ninki biyu, a bi layin zanen da zare mai kauri ana kama shi da ɗan ɗinki. Sannan a kafe ƙyallen a jikin matashin da allurai masu kai, a ɗora a cinya, hannu biyu su samu sakewa. Daga nan sai siririn zare, kina ƙulla ido cikin ido tsakanin layukan har furen ya cika. Abin da Madam ta fi nanata mini shi ne allura ba ta huda takarda wajen cika fure, zare kan zare kawai take bi. In an gama, sai a sa reza tsakanin ƙyallen biyu a yanke ɗinkin da ya riƙe ta, saƙar ta ɗago ita kaɗai kamar ta gizo-gizo. Kusan kowace yamma tana shigowa da matashinta mu zauna gindin dogon yaron tsakar gidanmu.

Shekarar da gwamnatocinmu biyu suka samu saɓani aka ce ma'aikatan Dahome su koma ƙasarsu, kowa ya tuna yadda abin ya zo ba shiri. Ranar da labarin ya iso suna gidanmu ita da Anyes. Na tashi na yi la'asar na ɗora tukunya, kafin in dawo an aiko kiranta, ta fita da sauri ta bar matashin kan tabarma, da wuyan riga da take saƙawa a jikinsa, rabi an cika rabi ba a cika ba. Da yamma maigidana ya dawo daga biro, wato ofishinsu, fuska a murtuke. Kwami ne, ƙaramin ma'aikaci, ya ce ana sa ido a kan masu hulɗa da su, kada a ga kowa na gidan nan tare da su. Washegari da hantsi kamyo, babbar motar da za ta kwashe su, ya tsaya a bakin hanya. Na ji Madam ta zo ƙofarmu ta yi sallama. Ta yi ta biyu, ta kira sunana yadda take faɗarsa, Adiza. Ina tsaye bayan ƙyaure, matashin na rungume a ƙirjina, ban amsa ba. Ta yi ta uku. Sai na ji direba yana danna oda, na ji takunta yana nisa.

Shekara uku matashin yana ƙasan akwatina. Duk sanda na buɗe don ɗauko zane sai in ji sallamar nan.

Bana bayan kaka sai ga Kawu Nomau, ƙanin mahaifiyata, mai fataucin wake zuwa kudu, ya zo da labarin ya ga Mushe Antuwan a Faraku, har ya yi masa allurar ciwon ƙugu bai karɓi ko dala ba. Na tambaye shi Madam fa, da yara? Ya ce shi ƙugunsa ya kai shi, ba ƙirgar iyalin mutane ba. Na roƙi maigidana ya bar ni in bi Kawu a tafiyarsa ta gaba. Rana ta uku ya miƙo mini takardar shaidata an buga mata hatimi, ya ce in na je in gaishe su. Na san shi ma abin na cin sa.

To a nan ne na yi abin da na yi. Na fito da matashin, na dube shi, na ce a raina ko kwanon tuwo maƙwabciya ta aiko miki ba ki mayar da shi wayam, balle kayan da kika riƙe shekara uku. Bari in ƙarasa mata wuyan rigar. Da na duba da kyau sai na ga wani ganye a gefen hagu, layi biyar a cikinsa duk a karkace, wani ido babba wani ƙarami, zaren har ya yi dauɗa. Na yi mamaki, don hannun Madam ba ya haka. Sai na ce Allah sarki, ashe tun kafin a aiko kiranta zuciyarta ta ji, hannunta ya yi rawa. Na ga bai kamata ta buɗe kayanta ta ci karo da ranar baƙin cikinta ba, gara in rufa mata asiri. Na sa bakin allura na warware layukan biyar, na sake su sumul. Mako biyar ina saƙa. Da na gama na yanke shi daga takardar, na wanke, na tsoma a ruwan shinkafa don ya tsaya, na goge, na naɗe cikin farin ƙyalle. Takardar zanen kuma na mayar da ita jikin matashin na kafe. Wallahi ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba, kuma na san hakan, har ina jin daɗin kaina.

Mun tashi ranar Litinin bayan asuba, a kamyon da ya ɗauko waken Kawu. Maza na bisa buhuna, mu mata huɗu aka ba mu lungu kusa da kan mota. Kawu da ya ɗaga ƙunshina zai miƙa sama sai ya ce, “Ke ɗiyag ga, mi kika sa cikin abin ga? Dutsin garin kika ɓalgato za ki kai musu tsaraba?”

Kusa da ni wata tsohuwa ce daga wajen Tibiri, Inna Tabawa, za ta Gaya wankan jegon jikarta. Ba mu yi nisa ba ta hango matashi a ƙunshina, ta ce in ara mata ta ɗan kishingiɗa. Kafin in yi bayani ta janye ta ɗora kai. Motar ta faɗa wani rami, kanta ya bugu, ta tashi tana salati tana laluben ƙeya. Ta ce ita dai ta ga abubuwa a duniya amma ba ta taɓa ganin matashin horo ba, in mijina ne ya saya mini to in kai ƙara wurin iyayena. Da na nuna mata abin da ake yi da shi, na buɗe mata wuyan rigar, sai ta goge hannunta a zane kafin ta taɓa. Ta ce amma duk ramuka ne, me zai rufe? Na ce ba don rufewa ake yi ba, don ado ne. Ta ce to Nasara da ɗiyansu ba su rasa aikin yi, su saƙa rami su ce ado. Duk da haka sai da ta sa na sake buɗe mata shi har sau biyu kafin mu isa.

A Doso muka yi azahar, taya ta fashe bayan mun bar garin, muka zauna gindin wata tsamiya har la'asar ana faci. Ba mu shiga Gaya ba sai gab da magariba. Inna Tabawa ta rantse ba zan kwana a tasha ba tana da ƴan uwa a garin. A gidansu na fara cin miyar kifi sabo, manyan yanka, ba busasshen nan da muke gani a kasuwarmu ba. Ƙaya ta maƙale mini, tsohuwar ta dunƙula tuwo ta ce in haɗiye kada in tauna, tana dukan bayana tana cewa Ba'ara, mutuniyar Arewa irina, ba ta san ruwa ba sai na rijiya. Da safe ta ba ni ƙullin kuka ta ce in kai wa ƙawar tawa, ko Kirista ce ai tana da maƙogwaro.

Gadar Kwara ce iyaka. Ni da na tashi inda ake zura guga gaba ashirin kafin a taɓa ruwa, ganin ruwa shimfiɗe haka mutane na wanka da wanki ba mai cewa a rage, sai na ji kamar ana almubazzaranci. Na san kogin a Yamai, amma can daga nesa muke hangensa in an fito da mu daga kolej a jere. A ɓangarenmu aka duba takardu aka sallame mu. A ɓangaren Malanbil, garin Dahome na bakin gada, aka ce kowa ya sauke kaya. Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, dogo mai tsage a kumatu, ya ɗaga matashin ya jinjina, ya matsa shi, ya kai kunne ya girgiza. Ya tambayi Kawu me ke ciki. Kawu ba ya jin Faransanci sai na ƙirgar kuɗi, ya dinga cewa wi, wi. Mutumin ya zaro wuƙa. Ban san sanda na miƙe ba, na ce masa da Faransanci don Allah kada ya farke, garin katako ne, matashin dantel ne. Ya tsaya ya dubi lulluɓina, ya dubi bakina. Sai ya juya matashin ya ga takardar zanen, fuskarsa ta sake. Ya ce mahaifiyarsa na da irinsa a can kudu bakin teku, in ka taɓa shi kana yaro sai ka sha dundu. Na ba shi labarin mai shi a taƙaice, ban da zancen ƙofa. Ya ga wuyan rigar ya kira abokin aikinsa ya gani, ya ce matar nan za ta yi kukan daɗi. Na hau mota ina maimaita maganarsa a zuciya.

Daga nan ƙasa ta fara canzawa, itatuwa na ƙara tsawo, jar ƙasa na ƙara ja. A Kandi muka kwana a zango, gidan wata Hajiya Rabi, asalin kakanninta Kabawa ne amma Hausarta ta gauraye da Dandanci, wanda ya yi kama da Zabarmanci har ina tsintar kalmomi. Mace ce mai faɗa da kirki a haɗe. Ta hana Kawu shiga da takalmi, ta hana ni taɓa tsintsiya. Ita ta fara ba ni sakwara. Na gutsura na sa baki ina ta tauna, abu ya ƙi ƙarewa, ƴan matan gidan na leƙe suna ƙunshe dariya. Hajiya ta ce ba a taunawa, tsomawa ake a miya a haɗiye. Na ce kwana biyu ke nan kowa na hana ni tauna, ko haƙora ba su da amfani a kudu? Akwai kuma cukun Fulanin can, wagashi, ja ne daga waje, ana soya shi a sa a miya kamar nama. Shi kam na so shi. Abin da ya ba ni mamaki a garin shi ne mata ke riƙe da kasuwa, su ke ciniki su ke ƙirga, mazansu na gefe. Kuma gaisuwarsu doguwa ce, ƙarami ya durƙusa har ƙasa, ana amsawa da wani ɗan gunji a maƙogwaro, mu da muke ganin mun iya gaisuwa ashe akwai na gabanmu.

Ranar Laraba da azahar muka shiga Faraku. E, na ga jirgin ƙasa. Baƙi ne, dogo, yana kuka kamar ana yanka shi, a nan hanyarsa ta ƙare, shi ya sa duk kayan arewa nan ake sauke su. Ban tsaya kallonsa ba. Kawu ya damƙa wakensa ga dillali ya raka ni unguwar da ke bayan likita, muna tambaya har aka nuna mana wani gida mai jan kwano da mangwaro a ƙofa.

A tsakar gidan mata biyu na dakan doya. Na yi gaisuwa na ce ina neman Maman Anyes. Suka dubi juna, suka ce babu mai wannan suna a nan. Na ce matar Mushe Antuwan. Ƙaramar ta ce a'a, Maman Andire dai. Babbar kuwa ta ajiye taɓarya a hankali ta shiga wani ɗaki. Sai ga Madam ta fito. Ta rame, ta sa tabarau, furfura ta fito mata a goshi. Ta tsaya ta dube ni, ta ce, “Adiza.” Ta rungume ni, ni da na zo da shirin durƙusawa.

Da muka shiga ɗaki ta zaunar da ni, ta ce shekara uku rabon da wani ya kira ta da sunan nan. Kwana biyu suka yi a buɗaɗɗiyar mota, yarinyar ta iso da zazzaɓi, baƙon dauro ya fito mata, ba ta cika mako uku a garin ubanta ba. Na yi salati, na yi kuka, na yi mata ta'aziyya irin tamu. Sannan na sauka daga kujera na durƙusa, na faɗa mata ina bayan ƙyaure ranar nan, na ji sallamarta uku, na ƙi amsawa.

Ta ce, “Na sani. Na ga ƙafarki ta ƙasan ƙofa, da lallenki. Na kuma san mijinki na da aikin da zai rasa. Tashi, ƙanwata, wannan na yafe tun muna cikin mota.”

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Sai ta ci gaba, ta ce ba ma ban kwana kaɗai ya kawo ta ba, matashin ta zo ɗauka, don Anyes ta tashi da kukan a ɗauko mata aikinta. Ranar nan da na tashi salla, yarinyar ta matsa sai an bar ta ta gwada, ta ɗora mata matashin a cinya karon farko, ta yi layi biyar a wani ganye. Har a gadon ciwo tana tambaya ko Tanti Adiza ta ga layukanta. Madam ta ce duk kayan yarinyar an ƙone su saboda cutar, ba su da ko hotonta. Shekara uku tana gaya wa kanta cewa akwai abu ɗaya a duniya da hannun ɗiyarta ya yi, yana Dogon Dutsi, kuma ta san ni, ba na yar da kayan mutane.

Tana magana idonta na kan ƙunshina. Ta ce, “Kin kawo shi?”

Na kwance ƙunshin. Na miƙa mata matashin, ta karɓa hannu biyu, ta juya shi ta ga takarda tsirara. Na miƙa mata farin ƙyallen. Ta buɗe wuyan rigar a cinyarta, ta gyara tabarau, yatsanta ya tafi kai tsaye gefen hagu. Ta bi ganyen nan, ta koma na kusa da shi, ta dawo.

Ta ce, “Wanne ne nata?”

Shaiɗan ya raya mini in nuna kowane ganye in ce wanki ne ya daidaita shi. Da ta so ta yarda, wataƙila da ta yarda. Amma ƙarya a kan mamaci, ga uwarsa, ban iya ba. Na ce na warware. Na ce na ɗauka hannunta ne ya yi rawa, na so in rufa mata asiri.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni zaren da na warware fa. Na ce ya bi shara. Sai ta cire takardar zanen daga matashin ta je bakin taga ta ɗaga ta a haske, tana duba wurin ganyen ko za ta ga wata alama. Ni da ita duk mun san babu, ita ta koya mini allura ba ta taɓa takarda. Ta daɗe tsaye a nan. Sannan ta ajiye ta ce na sha hanya, bari ta sa a kai mini ruwan wanka.

Kwana biyar na yi a gidan, ban ga an rage mini komai ba. Mushe Antuwan ya sayo kaza ya aika a kira Kawu ya yanka da hannunsa don in iya ci. Madam ta wanke sabuwar buta ta ajiye mini, ta tambayi wani maƙwabci Musulmi inda gabas take ta shimfiɗa mini tabarma. Ta yi miyar kukar Inna Tabawa, Andire ya ƙi ci, ya ce miyar ta yi kore. Muna hira a kan mutanen unguwa, wa ya yi aure, wa ya rasu, rijiyar bakin kasuwa ta ƙafe ko tana nan. Zancen saƙa ne kawai ba mai tayarwa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Lahadi bayan sun dawo daga coci ta ce in raka ta wani wuri. Maƙabartarsu ce. Mu nan mace ba ta zuwa, kabari kuma in damina biyu ta wuce ba mai iya nuna shi. Su kuwa kowane da sunansa a rubuce, mata na shara suna zuba ruwa suna ajiye furanni, har suna yi wa na ciki magana. Da farko na ji tsoro na tsaya daga baya, ban san abin da ya halatta in faɗa ba. Na roƙi Allah ya sanyaya zuciyar uwar, wannan dai na san ba laifi. Madam ta cire ciyawa, ta zauna a gefen kabarin, ta ce nan garin ba wanda ya san yarinyar, sun gan ta ne kwance kawai. Ta ce in ba ta labarinta.

Sai na fara. Na tuna mata yadda Anyes ke Hausar Arewa tsantsa har tana gyara wa ubanta, in ya ce “me” ta ce “mi” ake cewa. Yadda take tsallako zana da ludayinta in ta ji ina dama fura. Ranar da ragon layyarmu ya kore ta ta haye turmi tana kiran Yesu da Annabi gaba ɗaya, wanda ya riga zuwa. Yadda ta sa na yi mata lalle ranar sallah, ta ƙi wanke hannu kwana biyu. Madam ta yi dariya har ta cire tabarau, daga nan dariyar ta koma abin da ta koma. Wasu labaran ba ta taɓa ji ba, don a gidana aka yi su. Tana cewa sake faɗa mini na turmin. Muna nan har rana ta karkata, sai da na tuna ban yi la'asar ba.

Washegari Kawu ya samu kamyon da zai koma arewa da goro. Madam ta rako ni tasha, ta ɗauko mini doya biyar da man ja a kwalba. Da aka fara kiran mutane su hau, ta zaro farin ƙyallen nan daga jakarta ta sa mini a hannu. Na ce nata ne, don ita na yi. Ta ce matashin ta riƙe, ya zauna a cinyar ɗiyarta. Wannan kuwa aikina ne tun daga farko har ƙarshe, kuma aiki ne mai kyau, ta fi kowa sani, amma ba za ta iya ganinsa a ɗakinta ba.

Na ce, “Yaya, ki yafe mini.”

Ta riƙe hannuna ta ce, “Na san da alheri kika yi, Adiza. Ba zan yi miki ƙarya ba, ke ma ba ki yi mini ba. Na ƙofa na yafe. Wannan ki ba ni lokaci. Ranar da na iya, zan rubuto miki.”

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Hanyar ce dai, Kandi, gada, Gaya, Doso. Ma'aikacin nan mai tsage yana bakin aiki, ya gane ni, ya tambaya ko ta yi murna. Na ce ta karɓi matashinta. Kawu ya lura ba na cin abinci, ya saya mini rake a Malanbil, bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa.

Da na iso, bayan an watse daga yi mini barka da zuwa, maigidana ya tambaye ni ko sun yafe mana. Na ce abin da ya shafe shi an yafe, saura nawa. Na ba shi labari duka. Ya ce da ya bar ni na buɗe ƙofar ranar nan, da matashin ya tafi da mai shi. Na ce da ni ma na tambaya kafin in sa allura.

To ƙawayena, ga yadda Dahome take. Wata biyu ke nan da dawowata. Motar wasiƙu ranar Talata take zuwa daga Doso, biron maigidana kuma yana daura da gidan waya, shi ke karɓo mana. Duk Talata in ya yi sallama, hannunsa nake fara duba kafin fuskarsa.